Gyaran ƙaramin ɗakin kwana da salon bakin teku a Legas: tambayoyi da amsoshi ga mai kuɗi kaɗan

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu haya a Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Ajah, musamman amare da waɗanda suka tare a sabon ɗaki. Duk lissafin da ke ƙasa an yi shi ne a kan ɗaki mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 12, ƙofa ɗaya, taga ɗaya.

Mene ne salon bakin teku, kuma me ya sa ake cewa ya dace da ƙaramin ɗaki?

Tsari ne da ke ɗauko launi da yanayi daga gaɓar teku: farin haske, ruwan yashi, shuɗin ruwa, da kayan da aka saƙa da kaba, igiya, gora ko auduga. Ginshiƙinsa uku ne, wato haske, iska da ƙarancin kaya. Abin da ke ƙuntata ɗaki shi ne duhun launi da cunkoso, salon kuwa yana gudun duka biyun.

A Legas akwai wani ƙarin dalili. Tekun da ake kwaikwayo yana nan kusa, danshinsa na shiga kowane ɗaki. Ɗakin da iska ke ratsawa, kaya ba su manne da bango ba, yadudduka marasa nauyi masu saurin bushewa, shi ne ɗakin da funfuna ba ta samun wurin zama. Wanda ya manna hoton jirgin ruwa a bango mai lema bai yi salon ba, ya dai yi wa matsala kwalliya.

Waɗanne launuka ake haɗawa? Dole ne sai shuɗi?

Ba dole ba ne, kuma yawan shuɗi shi ne kuskuren da aka fi yi. A raba abin da ido ke gani kashi goma: shida fari ko ruwan madara (bango, silin, labule), uku ruwan yashi ko ruwan katako (tabarma, gado, kwando), ɗaya kacal shuɗi ko tsanwa mai haske (rigar matashi, mayafin ƙasan gado). Mai son shuɗi a bango ya yi wa bango guda, na bayan kan gado, kuma ya zaɓi wanda ya ɗan ja zuwa ruwan toka. Shuɗi ruwan bula a bango huɗu yana mayar da ɗaki kamar ajin firamare.

Kafin a sayi galan, a shafa gwaji a fili mai kamar santimita 50 kowane gefe, a dube shi da safe, da azahar, da kuma dare a hasken ƙwan ɗakin. Launi a bango kullum ya fi yadda yake a katin shago ƙarfi, don haka a ɗauki wanda ya fi wanda ido ya so haske da mataki ɗaya.

Ɗakin haya ne. Sai na nemi izinin mai gida?

Na fenti da huda bango, e, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne da za a adana. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ba ɗan haya damar neman diyyar gyaran da ya yi idan mai gida ne ya sallame shi, amma da sharaɗin ya samu amincewar mai gidan a rubuce tun kafin aikin. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. A ɗauki hoton ɗakin kafin a taɓa komai, saboda ranar karɓar kuɗin ajiya. Masu gida ba su cika ƙin fari ko ruwan madara ba, tunda mai shigowa na gaba ba zai yi ƙorafi ba.

Yoyon rufi, fasasshen bututu da lemar da ke tasowa daga tushe gyaran gini ne, a fara kai maganarsu ga mai gida. Duba amsar da ke kan lema.

Kuɗina kaɗan ne. Da me zan fara?

Farashi a Legas ba ya kwana biyu wuri ɗaya, saboda haka kaso ya fi adadi amfani. Cikin kowace naira ɗari, a ware kamar 40 ga gyaran bango da fenti, 25 ga labule da zanin gado, 15 ga tabarma da ajiyar kaya, 10 ga fitila da madubi, 10 a riƙe don abin da zai taso. Zai kuwa taso: ƙarin galan, kuɗin mota, ƙusa da sukuru.

Jerin aikin shi ne: fitar da kayan da ba a amfani da su, maganin lema, fenti, tsara gado, yadudduka, haske, sannan ado a ƙarshe. Matakin farko kyauta ne, kuma shi ya fi canja ɗaki. Akwatuna uku a saman sif da buhunan bakko a lungu sun isa su rusa duk wani fenti mai tsada. Idan kuɗin mataki biyu kawai ake da shi, a yi fenti da labule.

Bangona yana kumbura, fenti na ɓarewa. In yi sabon fenti a kai ya wadatar?

A'a. Damina ɗaya za ta dawo da shi yadda yake. Sai an san daga ina ruwan ke zuwa, kuma hanyoyinsa uku ne.

Idan lemar tana ƙasan bango, daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya, da wani farin gari mai kama da gishiri, ruwan ƙasa ne ke hawa ta tushe. Wannan ya zama ruwan dare a unguwannin da aka cike fadama aka yi gini. Idan tabo ne daga sama ko a gefen da ya haɗa bango da banɗaki, rufi ne ko bututu. Idan kuwa baƙaƙen ɗigo-ɗigo ne a bayan sif ko a kusurwar da iska ba ta kaiwa, gumin ɗaki ne. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna leda mai santimita 30 kowane gefe a bangon, a rufe gefunanta huɗu da salatif, a bari kwana biyu. Ruwa a cikin ledar, ta wajen bango, daga ginin yake. Ruwa a bayanta, ta wajen ɗaki, daga iskar ɗakin yake.

Gumin ɗaki ɗan haya na iya maganinsa: a janye kaya daga bango santimita 5 zuwa 10, a riƙa buɗe taga da ƙofa tare, a daina shanya jiƙaƙƙen kaya a ciki. Yoyo sai an toshe shi, a ba bango makonni ya bushe. Lemar tushe kuwa aikin birkila ce: a sassaƙe filastar da ta lalace, a sake ta da siminti mai haɗin maganin hana ruwa, a jira aƙalla mako huɗu kafin fenti. Kada a rufe irin wannan bango da fenti mai mai ko takardar bango. Ruwan ba ya tafiya, sama yake ƙara hawa.

Yaya ake wanke funfuna kafin fenti?

A haɗa ruwan bilic irin su Hypo ko Jik kofi ɗaya da ruwa kofi uku zuwa huɗu. A buɗe taga, a sa safar hannu da takunkumi, a shafa da soso, a bari minti 15, a goge, a ɗauraye, a bari ya bushe kwana ɗaya ko biyu. Kada a goge funfuna da busasshen burushi, ƙurarta ce ke tashi ta shiga ƙirji. Kada kuma a haɗa bilic da ruwan wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba.

Wane irin fenti zan saya, kuma lita nawa?

Ga bango, fentin ruwa mai ɗan santsi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Farar fatar bango tana nuna sawun hannu da jinin sauro, fenti mai arha marar santsi kuwa yana bin tsumma idan an goge. Ga silin, fentin ruwa marar ƙyalli ya isa. Fenti mai mai na ƙofa ne da ƙarfen taga, kuma farinsa kan koma rawaya-rawaya a ɗaki marar haske.

Lissafi: kewayen ɗakin kusan mita 13, tsayin bango kamar mita 2.8, wato murabba'in mita 37. A cire ƙofa da taga, saura kusan 34. Shafi biyu ya zama 68. Fenti mai kyau lita ɗaya na rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai sumul, ke nan lita 7 zuwa 9. Silin na cin wajen lita 2 zuwa 3. Galan uku masu lita 4 sun yi, ba sai an sayi bokitin lita 20 ba. Idan tsohon launin mai duhu ne, a ƙara galan ɗaya na fari mai arha a yi shimfiɗa da shi.

Mai ɗaki ya sayi fentinsa da kansa wurin dila, ya duba hatimin murfi. Dulux, Berger, Meyer da Sandtex duk suna da dillalai a Legas. A juye galan-galan masu launi ɗaya cikin bokiti guda a gauraya, don kada bango biyu su bambanta. Ruwan sirki kuma kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Mai fentin da ya tsinka fenti kamar koko zai gama da wuri, amma bango zai riƙa shafar riga da fari.

Wane lokaci ya fi dacewa da fenti?

Daga Nuwamba zuwa Maris, sai kuma ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta. Yuni da Yuli su ne mafi muni: saman fenti ya bushe, cikinsa da saura, shafi na biyu ya ɗago na farko. Da hunturu a jingina taga ta gefen iska saboda ƙura. Ko gwangwani ya ce awa biyu tsakanin shafi, a Legas a ba shi wuni. Kada a kwana a ɗakin sai bayan dare ɗaya ko biyu, fiye da haka ga jariri, mai ciki da mai asma.

Kayan ɗakina na aure ne, jan katako mai duhu, ba zan iya sayar da abin da iyaye suka yi mini ba. Yaya zan yi?

Ba sai an sayar ba. Duhun katako na zama daram a cikin farin ɗaki idan shi kaɗai ne mai duhu. A yi bango fari, a lulluɓe gado da farin zani da ya sauko gefe, a canja hannayen durowa masu ruwan gwal zuwa na katako ko na igiya. Babbar matsalar saitin aure girmansa ce: gado, sif, madubi da durowa biyu ba sa shiga ƙafa 10 da 12 a bar hanyar wucewa. A fitar da durowa ɗaya da kujerar madubi zuwa falo.

Wadda ta amince a taɓa kayan, sai a duba ko katakon gaske ne. Idan shi ne, a goge da samfefa lamba 120 sannan 220, a haɗa farin fentin ruwa da ruwa daidai wa daida, a shafa, a share da tsumma nan take ta yadda zanen katakon zai fito, sannan a rufe da banish marar ƙyalli na ruwa. Idan allon garin katako ne mai leda a sama, wannan dabara ba ta kamawa. Sai a ɗan kankare santsinsa, a sa fentin shimfiɗa, sannan shafi biyu. Irin wannan allo idan ƙafarsa ta sha ruwa ta kumbura, ba ta komawa, don haka a ɗora shi a kan ƙananan ƙafafun roba.

Wane girman gado ne ya dace?

Katifa ƙafa 4 da rabi da ƙafa 6 ga mutum biyu. Mai ƙafa 6 da 6 tana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na daɓen ɗakin. A bar hanyar santimita 60 aƙalla a gefe ɗaya, a kuma ɗaga gado santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa, iska ta wuce, akwatunan roba masu murfi su shiga. Katifa a kan tayil kai tsaye tana yin gumi ta ƙasa, wata uku sai wari.

Masu yin gado da katakon ɗora kaya na kwantena su duba tambarin jikinsa. Mai HT da zafi aka gasa shi, ya yi. Mai MB da guba aka turara shi, a bar shi.

Labule da zanin gado fa? Wane yadi, yadi nawa?

Auduga marar nauyi: farin alawayyo, ko akoko wanda launinsa na asali ya yi daidai da ruwan yashi, ga arha. Labule mai kauri mai ninki uku yana riƙe ƙura da danshi. Ga taga mai ƙafa 4, a sa sanda mai ƙafa 5 da ɗoriya, a kafa ta santimita 15 zuwa 20 sama da taga, labulen ya sauko har kusa da ƙasa. Hakan na sa bango ya yi kamar ya fi tsayi. Yadi 6 mai faɗin inci 60 ya isa falle biyu. A wanke yadin kafin a kai wa tela, auduga na tsukewa.

Gidan haya mai tagogi a kan hanyar mutane yana buƙatar sutura, kuma farin labule na nuna inuwa da dare. A sa asabari ko makarin gora a jikin tagar, farin labulen a gabansa. Sandar labule ta katako ko alminiyam ta fi, domin iskar gishiri, musamman a Lekki, Ajah da Badagry, tana cin baƙin ƙarfe ta bar tsatsa a yadi. Farin gidan sauro da aka rataye daga silin ado ne da kansa. Gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a fara kwana a ciki.

Dole ne in sayi kayan ado na waje?

Abin da shagunan ƙawa ke sayarwa da tsada da sunan kayan bakin teku, yawancinsa yana rataye a ɗakin kakanninmu. Faifai uku ko biyar masu girma daban-daban a saman kan gado sun maye gurbin kowane allon ado. Tabarmar kaba, adudu na ajiyar kaya, ƙwarya marar fenti, igiyar rama da aka naɗe a jikin madubi, duk sun shiga. A zaɓi masu launin kaba na asali ko masu ɗan shuɗi, a bar masu ja da kore.

Shuɗin da ya fi kowanne zama a wannan salo shi ne rinin baba, na marinar Ƙofar Mata a Kano ko adiren Abeokuta. Yadi biyu sun isa rigar matashi biyu da mayafin ƙasan gado. Sai dai yana zuba. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi har ruwan ya washe, a shanya a inuwa, kafin ya taɓa farin zani.

Ba na rataya hoton abu mai rai, kuma a ɗakin nake sallah. Salon zai yiwu?

Sarai. Ba a buƙatar kifi ko tsuntsu. Hoton igiyar ruwa, kwalekwale, bishiyar kwakwa ko faɗuwar rana ya isar, ko ma a bar faifai su yi aikin. Alƙibla daga Legas tana arewa maso gabas, don haka tun wajen tsara gado a bar filin darduma, kamar santimita 70 da 120, kuma kada madubi ko hoto ya faɗo a gaban mai sallah.

Wani abin lura shi ne wuri, wato farin kuɗin da. Hotunan intanet cike suke da labulen wuri da kwalabe masu wuri a ciki. A nan, baƙo na iya shiga ya ga wuri a rataye ya fita da wata fassara. Wanda ba ya son dogon bayani ga surukai ya tsaya ga katantanwa.

Zan iya tsinto katantanwa da itace a bakin teku in yi ado da su?

Za a iya, a Tarkwa Bay, Badagry ko gaɓar Lekki, amma fanko kawai, wadda babu halitta a ciki. A jiƙa ta awa biyu a ruwan bilic irin na amsar funfuna, a ɗauraye, a shanya kwana biyu a rana, in ba haka ba ɗaki zai yi ƙarni. Itacen da ruwa ya turo a jiƙa shi a ruwan daɗi kwana uku ana canja ruwan don gishiri ya fita, a shanya mako biyu, a duba ramukan ƙwari. Kwalba ɗaya ta katantanwa a kan kanta ta wadatar. Inda akwai yaro mai rarrafe, a ɗaga ta sama.

A ina ake samun kayan da sauƙi, kuma na hannu yana da haɗari?

Yadi a Balogun, labule da sandunansa a Tejuosho da ke Yaba, katako da filawud a Mushin, kayan gini a kasuwar Odunade da ke Coker, fitila da fanka a Alaba International. Kujeru, kwanduna da murfin fitila na saƙar kara a wurin masaƙan Mende, ƙarƙashin gadar Maryland, kuma suna yin abu bisa awon da aka kai musu. Kasuwar sana'o'in hannu ta Jakande a Lekki tana da kaya masu kyau, amma farashin farko na baƙi ne. Faifai, tabarma da adudu a nemi 'yan uwa a Agege ko Mile 12, ko a ba mai zuwa gida sallahu.

Kayan saƙa a girgiza su a kan farar takarda. Gari ya zubo, ƙwaro na ciki. Katako na hannu a haska mahaɗarsa da tocila, baƙaƙen ɗigo alamar kuɗin cizo ce. Katifa da matashi kada a saya na hannu ko da kyauta ne. Kada kuma a fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a ɗakin kwana.

Wane ƙwan fitila ne ba zai ɓata launin ba?

A duba lambar K a kwalin, ita ke nuna launin hasken. Mai 6500K, wanda ya fi yawa a shaguna, yana sa fari da shuɗi su yi sanyin ɗakin asibiti. A sa mai 4000K, wat 12 zuwa 15, a silin, da ƙarami mai 2700K ko 3000K a gefen gado, zai fi kyau mai caji saboda ɗaukewar wuta. Madubi ɗaya dogo a bangon da ke gefen taga ko mai fuskantarta yana ninka hasken rana. A bar ɗan rata tsakaninsa da bango, lema ce ke baƙanta bayan madubi.

Kafet, leda ko tabarma?

Tabarma a kan tayil ko siminti. Kafet bango zuwa bango a Legas soso ne. Leda kuma idan daɓen na da lema tana kulle ruwa a ƙarƙashinta, sai a yi gwajin leda na amsar lema a daɓen tukuna.

Farin ɗaki da turaren wuta, za su zauna tare? Yaya ake kula da shi?

Za su zauna idan kasko ya yi nesa da bango da labule kamar mita ɗaya, a tsakiyar ɗaki, a kuma buɗe taga bayan an gama. Hayaƙin turare mai mai yake, shi ke barin rawayan tabo a silin da saman labule. Maganin sauro na kunnawa ma haka, risho kuwa ya fi su duka, don haka girki a waje.

Duk mako a shanya tabarma da matasai a rana, a goge fukafukan fanka domin ƙurarsu ce ke zana baƙin da'ira a silin. Duk wata a wanke labule, a janye sif a leƙa bayanta, a juya katifa. Da damina a riƙa barin ƙofar sif a buɗe awa ɗaya ko biyu, a sa gawayi cikin tsohuwar safa a kusurwarta, a canja shi duk mako biyu. Ragowar fenti a juye shi cikin ƙaramar roba mai murfi, a rubuta sunan launi da lambarsa a jiki, don taɓa wuraren da suka ƙuje.